Sawu a Cikin Man Shanu

Tun daga bakin lambu Lammert Huizing ya jiyo warin. Kowa a ƙauyenmu ya san shi, warin ganyen wiwi ne da aka bari ya wuni yana dahuwa cikin man shanu. Duk ranar da ya tashi daga kicin ɗin Gwaggo Geesje, masu wucewa sai su toshe hanci su yi tsaki, da yamma kuma rabinsu su zagayo ta ƙofar baya da 'yar roba a aljihu. Amma a safiyar Litinin ɗin nan akwai wani wari a ƙarƙashin wancan, kuma Lammert ya fi kowa saninsa. Aikinsa ke nan. Idan mota ta buge barewa ta faɗa daji da karyayyar ƙafa, shi ake kira da karensa Duko, su bi jini har inda ta kwanta.

Ɗansa Wiebe ne ya kira shi a waya. Lammert ya same shi tsaye a bakin ƙofar kicin ɗin, jini har gwiwar hannu. Lammert bai rungume shi ba, ko fuskarsa ma bai duba ba. Ƙafafunsa ya fara kallo, sannan hannuwan, sannan ya leƙa ciki.

Tsohuwar tana kwance a gindin murhu. An fasa mata kai da murfin tukunyar ƙarfe, kuma ba bugu ɗaya aka yi ba. Gefen fuskarta ya lotsa, yatsun da ta kare kanta da su sun karye sun juya baya. Tukunyar ta kife, man ya malale ko'ina a daɓe ya daskare, kore-kore, jini ya ratsa shi, farin gashinta ya manne a ciki. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa gajiyayyu abinci a gidan tsofaffi ke nan. Da ta yi ritaya sai ta koma yi wa masu ciwon gaɓoɓi da masu ciwon daji da waɗanda barci ya ƙi wannan man, ta tace shi da ƙyalle, ta zuba a robobi, ta rubuta gargaɗi da jan alƙalami a kan kowane murfi. Ba ta taɓa mayar da kowa hannu rabbana ba.

Sawu iri biyu ne a cikin man. Akwai na takalmin roba, na Wiebe, wanda ya farfasa man bayan ya riga ya sandare. Akwai kuma na safa, da aka taka tun man yana ruwa. Lammert ya daɗe yana kallon na biyun. Ɓarawo daga birni ba ya tuɓe takalmi kafin ya shiga kisa. Mu ne muke haka. Tun muna rarrafe uwayenmu suke dukanmu a kan shiga kicin da takalmi, har abin ya bi jikinmu. Ko da wace irin zuciya mutum ya zo, sai ya ajiye takalmansa a ƙofar baya.

Ashe dai ɗan gari ne. Kuma Wiebe ma ɗan gari ne.

* * *

Kafin rana ta take, ƙauye ya gama yanke hukunci. Wa ke noma wa Geesje ganyen a bayan tsohuwar tirelar da ya mayar ɗaki a bakin daji? Wiebe. Wa ya taɓa zaman kurkuku saboda ya karya wa wani muƙamuƙi da kwalba a garin Emmen? Wiebe. To, me ya rage? Sufeto Hoving, matar da aka turo daga birnin Assen, ta wuni da shi tana tambaya, da yamma ta sake shi don ba ta da hujja. Ita ma ta ga sawun safar, amma ta ce ai shi ma yakan tuɓe takalmi a gidan, zai iya zuwa jiya da safa ya dawo yau da takalmi. Lammert bai yi mata musu ba, don shi ma abin da ke cin ransa ke nan.

Ya ɗauki Duko suka zagaya hanyar rairayi da ke bayan lambun. Sawun takalmin katako ya yi yawa a wurin, don duk wanda ya haura hamsin a ƙauyenmu da shi yake yawo a gona da lambu. Amma ɗaya ya fita daban. Da zai shiga, takunsa dogo ne, dunduniya na tona ƙasa, tafiyar mai fushi. Da zai fita kuwa, ƙafar hagu da ƙyar take taɓa ƙasa. A bakin lambatun da ke raba gonaki ciyawa ta kwanta inda mutum ya zauna, ga shatin ƙafa tsirara a cikin laka, ga maiƙo yana ƙyalli a ciyawar bakin ruwa. Mutumin ya taka tafasasshen mai, ya zo nan ya tsoma ƙafarsa don ya ji sanyi. Daga nan sawun ya hau titin bulo, inda taraktoci suka kwarara taki tun da sassafe. Duko ya yi ta zagaye yana atishawa, ya dawo ya zauna.

Lammert ya san abin da ya kamata ya yi, kuma ya san bai kamata ba. Ya nufi tirelar. Ya tarar da Wiebe zaune a bakin gado, bai ko wanke hannu sosai ba.

"Cire safarka," in ji shi.

Wiebe ya ɗago ya dube shi. Namiji ne mai shekara talatin da 'yan kai, amma a lokacin sai idonsa ya koma na ranar da aka binne uwarsa.

"Baba, ni kake faɗa wa haka?"

"Cire, na ce."

Ya cire ta dama, ya cire ta hagu, ya miƙe ƙafafun a gabansa. Farare fes, ko ƙwarzane babu. Wani sanyi ya sauka a zuciyar Lammert, kunya kuma ta biyo bayansa nan take. Ya buɗe baki zai yi magana, Wiebe ya ce ya ja masa ƙofa idan zai fita.

* * *

Washegari Lammert ya shiga gari neman mai ɗingishi.

Ya fara da Trijntje Bos, wadda ta sha rantsuwa a bakin coci cewa sai ta kai Geesje ƙara saboda warin nan. Ta zuba masa gahawa, ta ba shi biskit ɗaya ta rufe gwangwanin, kamar yadda aka saba. Ta ce ita dai ta ga wata jar mota ranar Lahadi, kuma babu shakka 'yan ƙwaya ne daga birni. Da ya matsa mata, sai ga shi motar nas ɗin da ke zuwa wanke wa tsoho Klaas gyambo ce. Da ya ƙara matsawa sai ta fashe da kuka, ta buɗe firij ta nuna masa roba mai jan rubutu a bayan kwalbar madara. Tun rasuwar mijinta ba ta iya barci sai da shi. Ta roƙe shi don Allah kada fasto ya ji.

Mai ɗingishi ɗaya ya samu, Jans Tiemens, ƙaton makiyayin shanu wanda Geesje ta rena bayan uwarsa ta gudu. Lammert ya tambaye shi abin da ya sami ƙafarsa. Jans ya fizge takalmi ya nuna masa babban yatsa baƙi ƙirin, saniya ce ta taka shi, kuma ƙafar dama ce.

"Wato kai har kana da bakin tuhumar mutane?" in ji Jans. "Je ka tuhumi abin da ka haifa. Ka gaya masa, in har yana garin nan ranar jana'iza, rami biyu za a haƙa."

Daga nan ya biya gidan Roelof Smeenge, maƙwabcin Geesje na katanga ɗaya, amininsa kuma tun suna satar tuffa a gonar fasto. Roelof ne ya ɗauki gaban akwatin gawar matar Lammert. Lammert ya hango shi can cikin gona a kan tarakta, Roelof ya ɗaga masa hannu bai sauko ba. Matarsa Aaltje ce ta tare shi a ƙofa, yatsunta sun kumbura sun karkace saboda ciwon gaɓoɓi. Ta ce ba su ji komai ba ranar Lahadi. Ta ce ita ma ai ta daina cin man tuntuni. Lammert ya ga ƙaramin keken jikarsu Lieke jingine a rumfa, iska ta fita daga taya, ya tambaya ina 'yar ƙiriniyar take. Aaltje ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita a asibiti kwanakin baya, ta warke, iyayen ne dai ba su cika kawo ta ba yanzu. Tana faɗa tana kallon ƙasa. Lammert ya ɗauka jimamin mutuwar ne, ya yi mata gaisuwa ya tafi.

* * *

Rana ta kusa faɗuwa yana kan hanyar gida ya ji Duko ya yi gurnani ya finciko igiya. Sai ya jiyo ƙarar, irin ta dukan buhun dankali.

Sun jawo Wiebe waje. Jans ne da 'ya'yansa maza biyu, ɗaya da ƙotar shebur, ɗaya da turken shinge. An riga an farfasa tagogin tirelar, an tuttuge shukokin. Wiebe yana ƙasa ya dunƙule, hannu a ka, suna ta narka masa a haƙarƙari da baya. Wasu mutane sun tsaya daga nesa suna kallo, hannu cikin aljihu. Taraktar Roelof kuma tana tsaye a bakin hanya, inji na aiki, shi yana zaune a sama.

"Roelof!" Lammert ya ƙwala masa kira. "Sauko ka taimake ni!"

Roelof bai motsa ba. Mutumin da ko a gidan giya aka kaure shi ne farkon shiga tsakani, yau ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya kawar da kai.

Lammert ya faɗa cikinsu shi kaɗai. Ya shaƙo ƙaramin ɗan ta baya, babban ya juyo ya sakar masa ƙota a fuska, ya ji hancinsa ya yi ƙas, jini ya cika masa baki. Duko ya kafa haƙora a damtsen yaron ya ƙi saki, har ana jin naman na yagewa. A cikin wannan hargitsin Jans ya fizgi turken ya ɗaga ya sauke a fuskar Wiebe. Akwai tsohuwar ƙusa a jikinsa. Wiebe ya yi wata ƙara da uban bai taɓa jin irinta ba ko a bakin dabba, kuma sai a lokacin kowa ya ja da baya.

Likitocin Assen sun ce zai rayu, amma hannu ɗaya ya karye, idon hagu kuma ya tafi. Da 'yan sanda suka zo, babu wanda ya ga komai. Haka muke, mu ma mun sani. Ko da Lammert ya ambaci sunaye, mutum goma suka rantse cewa Jans yana wurin tatsar shanu a lokacin.

Yana zaune a barandar asibiti da auduga a hanci, abu ɗaya ya yi ta dawo masa. Dukan ya gane shi, haukan baƙin ciki ne. Abin da ya kasa ganewa shi ne Roelof a kan tarakta. Da rana a kan tarakta, da yamma a kan tarakta. Yaushe rabon da ya ga mutumin nan tsaye da ƙafafunsa? Ya yi ƙoƙarin korar tunanin, don ya fi son ya ji kunya a kan ya zama gaskiya.

* * *

A al'adarmu maƙwabta ne ke binne mamaci, ba dangi ba. Ana taruwa a gidan maƙwabci na farko a raba aiki, wa zai ɗauki akwati, wa zai buga ƙararrawa, wa zai dafa gahawa. Don haka gidan Roelof aka taru da hantsi. Lammert ma maƙwabci ne, amma ba wanda ya zaci zai zo.

Ya zagaya ta baya. Takalma sun yi layi a bakin ƙofa, na roba da na katako, duk laka. Guda biyu ne kawai a gefe, an goge su da rairayi da buroshi sun yi fari tas, an jingine su suna shan iska. Duko ya wuce duk sauran, ya cusa hanci cikin na hagu, ya fara lasa kamar wanda ya samu ƙasan tukunya.

Lammert ya janye shi ya ɗauki takalmin. Ya dangwala babban yatsa a ciki, ya fito da sheƙi. Ya sansana. Katako yana shan mai, in ya sha kuwa ko a shekara ana wanki ba ya fita. Mai hankali da ya jefa su a murhu tun ranar Lahadi. Amma ɗan ƙauyenmu ya ƙona takalmin da bai mutu ba? Ai sai dai ya ƙona hannunsa. A saman takalmin akwai tsaga da aka ɗaure da wayar ƙarfe, kuma Lammert ne da kansa ya ɗaure ta bara, suna zaune suna shan giya a wannan dandamalin.

Ya tuɓe nasa takalman, ya shiga.

Duk suka juyo suna kallonsa. Trijntje ta dafe ƙirji. Jans ya miƙe rabi, kujera na ƙara. Roelof yana zaune a bakin tebur can ƙurya, bai tashi tarbar kowa ba tun safe, wai bayansa ne ya riƙe. Lammert ya ajiye takalmin a tsakiyar tebur, tsakanin kofuna da farantin kek.

"Wannan wane irin rashin kunya ne?" in ji Jans. "Takalmi a kan tebur, a gidan makoki?"

"Sansana shi," in ji Lammert. Bai ɗauke ido daga amininsa ba. "Roelof, cire safarka."

"Lammert, an buge ka a ka jiya. Zauna a zuba maka gahawa."

"Na faɗa wa ɗan cikina wannan maganar, ya cire. Kai ma za ka cire."

Roelof ya yi 'yar dariya, ya waiwaya yana neman wanda zai taya shi. Lammert ya zagaya teburin a hankali, ya ɗaga dunduniya, ya sauke ta da dukan nauyinsa a kan ƙafar hagun, ya murza.

Ihun ya sa kofuna suka zube. Roelof ya faɗo daga kujera yana birgima, Lammert ya danne shi da gwiwa a ciki ya fizge safar. Ta fito da fata a jikinta. Tafin ƙafar ya saɓule, jajir, ga mugunya ga jini, wari ya cika ɗakin. Wata mata ta fita da gudu tana amai.

Aaltje ce ta yi magana, daga bakin ƙofar kicin, butar gahawa a karkatattun yatsunta. Ta ce ba zazzaɓi ne ya kwantar da Lieke ba. Robar man Geesje da take ajiyewa a firij ce. Ran nan ta je ganin likita ta bar yarinyar da kakanta, ya yanka mata burodi ya lafta mata man, don yarinyar tana son mai da yawa. Ta ci yanka biyu. Da Aaltje ta dawo ta same ta a ƙasa, ido a juye, ba ta amsa kira. Ta farfaɗo a asibiti, amma 'yarsu ta ce muddin suna raye ba za su ƙara ganin yarinyar ba. Sai suka ce wa gari zazzaɓi ne.

"Magana kawai na je yi mata," in ji Roelof daga ƙasa, yana haki, majina da hawaye sun haɗe masa. "Na ce ta daina dafa gubar nan. Ko juyowa ba ta yi ba, tana ta juya tukunyarta. Ta ce, Roelof, na rubuta da ja a kan murfi, manyan baƙaƙe. Kai ne girman kai ya hana ka sa tabarau."

Kowa ya san tabaran suna cikin aljihun tebur shekara da shekaru.

"Gaskiya ta faɗa," in ji Roelof. "Shi ya sa."

"Jiya fa?" in ji Lammert. "Kana zaune a sama kana kallo."

"Da na sauko, da kun ga tafiyata."

Jans ya yunƙuro da hannu a dunƙule. Lammert ya miƙe ya tsaya a gabansa, hanci a karye, ido cikin ido. Ya ce masa ya riga ya yi nasa dukan jiya, ya je ya zauna ya jira Sufeto, don yau mota biyu za ta kawo. Jans ya dubi hannuwansa, ya koma ya zauna. Trijntje kuwa ta riga ta ɗauko waya, tana cewa ita fa jiya ta ga komai, kuma za ta faɗa.

* * *

Da yamma Lammert ya koma Assen. Ya saya wa Wiebe lemo da irin cukuwin da yake so tun yana ƙarami, ya tsara maganarsa tun a mota. Ya same shi a farke, rabin fuska a naɗe, ido ɗaya yana kallon silin. Ya gaya masa an kama Roelof, an kama Jans da 'ya'yansa, sunansa ya wanku, har mutane suna cewa za su haɗu su gyara masa tirelar.

Wiebe ya ji shi har ƙarshe. Sannan ya tambaya ko Gwaggo Geesje ta sha wahala kafin ta cika. Lammert ya ce a'a. Dukansu sun san ba haka ba ne.

"Ka iya aikinka, Baba," in ji Wiebe. "Kowa ya sani."

Lammert ya jawo kujera kusa da gadon. Bargon ya ɗan zame, ƙafafun Wiebe suna waje, farare, babu safa. Bai yi niyyar kallonsu ba, idonsa ne kawai ya sauka can, kamar yadda ya saba sauka ƙasa duk inda ya shiga.

Wiebe ya gani. Ya miƙa hannun da bai karye ba, a hankali saboda haƙarƙarin, ya ja bargon ya rufe ƙafafunsa.